Idon Na'ura da Kwanakin Kifi



An ba ni batu mai dogon suna, wato yadda ake amfani da hoto da awon haske wajen gane sabon kifi da wanda ya kwana. Gajeren sunansa kuwa kowa ya sani, domin tambaya ce da ake yi kullum safiya a Yawuri da Argungu da kasuwar Kado ta Abuja: "Malam, na yau ne?" Amsar ma mun haddace ta: "Yanzu aka fito da shi daga ruwa." Masu bincike a Norwe da Japan da Sin sun shafe shekaru suna neman na'urar da za ta amsa tambayar nan ba tare da an rantse ba. Sun samu wani abu, kuma abin da suka samu yana da ban sha'awa. Sai dai ina so mu fita daga ɗakin nan mun san ainihin abin da na'urar take gani, domin a nan ne amfaninta yake, a nan ne kuma ake yaudarar mutane da ita.

Mu fara da kifin kansa. Da zarar ya mutu, abu biyu ne suke fara cin sa. Na farko daga cikinsa yake. Sinadaran da suke sarrafa abinci da ƙarfi a jikinsa ba sa dakatawa don numfashi ya tsaya. Akwai wanda ake kira ATP, shi ne makamashin da tsoka take motsi da shi. Idan ya ƙare sai kifin ya sandare, bayan wani lokaci kuma ya saki, ya yi laushi. Shi ATP ɗin yana rushewa ne mataki-mataki. A tsakiyar hanya yakan zama wani sinadari mai suna IMP, wanda shi ne yake ba sabon kifi garɗin nan da ake ji a romo. In aka ci gaba sai garɗin ya tafi, ɗan ɗaci ya shigo. A shekarar 1959 wani masani ɗan Japan mai suna Saito da abokan aikinsa suka mai da wannan rushewa lissafi, suka kira shi ma'aunin K: kashi nawa cikin ɗari na sinadarin ya kai matakan ƙarshe. Mutanen Japan, da yake ɗanye suke cin kifi, sukan so wanda bai wuce kashi 20 ba.

Na biyu daga waje yake shigowa: ƙwayoyin bakteriya da suke zaune a fata da hanji da jan naman nan na cikin kunne da kifi yake numfashi da shi. Su ne masu kawo wari, domin suna cin naman suna fitar da amoniya da danginta. Ana auna jimillar waɗannan sinadarai masu tashi a iska, kuma Tarayyar Turai ta sa iyaka ga wasu nau'o'in kifin teku: miligiram 25, ko 30, ko 35 a kowane giram 100 na nama, gwargwadon nau'in. Ku riƙe waɗannan alƙaluma, za mu dawo kansu.

Duka biyun zafi ne yake hanzarta su. Kifin da ke cikin ƙanƙara, a digiri sifili, in aka bar shi ya hau digiri 5 kawai, lalacewarsa takan ninka sau biyu da ɗan abu. A digiri 10, sau huɗu. To, ku kwatanta da teburin da ke rana a Sakkwato cikin watan Afrilu. Saboda haka tambayar tamu ta "na yau ne?" ba ta kama inda ya kamata ba. Karfasar da aka kama da asuba aka bar ta a rana har la'asar ta fi tsufa a kan wadda ta yi kwana biyar lulluɓe da ƙanƙara. Masu wannan fanni ba sa ƙirga kwanaki daga ranar kamu, suna cewa ne kifin nan ya kai matsayin mai kwana kaza a ƙanƙara, ko da jiya ya mutu.

Tun kafin a ƙera kowace na'ura akwai masu karanta wannan. Basarken da ya gaji su, da uwar da ta yi shekara talatin tana yanka kifi, kallo ɗaya suke yi. Idon kifi ya tsaya tar, ya turo waje, ko ya faɗa ciki ya yi hazo? Cikin kunne ja ne wur, ko ya koma ruwan ƙasa da yauƙi? In an danna da yatsa naman yana dawowa, ko ramin yana zama? Ƙarni ne na kifi ko wari ya fara? Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Turawa ma daga nan suka faro. Tsohuwar cibiyar bincike ta Torry ta Abadin a Sikotilan, wadda aka kafa a 1929, ta fitar da jadawalin ba da maki ta hanyar gani da shinshinawa da ɗanɗano a 1953. A 1985 aka zo da wani tsarin daga Tasmaniya ta ƙasar Ostareliya, wanda ake ba kowace alama maki daga sifili zuwa uku, ido daban, fata daban, kunne daban, a tara. Yawan makin yana hawa kusan daidai da kwanakin ƙanƙara. Abin lura shi ne kowane nau'in kifi da nasa jadawalin, ba a auna wani da na wani.

Matsalar gwani ita ce mutum ne. Yana gajiya, yana mura, ba ya iya duba kifi dubu goma a awa guda, kuma in shi ne mai sayarwa ko yaron mai saye, hukuncinsa yana da gefe. Ɗakin gwaji kuma ba shi da gefe, amma sai an yanka kifin an niƙa, a jira awoyi. In bakteriya za a ƙirga, kwana biyu ko uku. Kafin sakamako ya fito an cinye kifin ko an zubar. Wannan giɓi ne ake so haske ya cike: hukunci nan take, ba yanka, ba son kai.

Hanya mafi sauƙi ita ce kyamarar da ke aljihun kowa. Hoto a wurin kwamfuta ɗigo-ɗigo ne, kowane ɗigo da lamba uku: yawan ja, yawan kore, yawan shuɗi. Jinin da ke cikin kunnen kifi yana da sinadarin himogulobin mai ɗauke da ƙarfe, kuma yayin da iska take canza wannan ƙarfe, jan yana dusashewa ya koma ruwan ƙasa. Kyamara tana iya bin wannan sauyi da lamba, kullum, ba ta mantuwa da yadda launin jiya yake. A 2013 an buga wani bincike a kan wani kifin Bahar Rum da ake kiwo, inda aka nuna launin ido da na cikin kunne suna tafiya da kwanakin ƙanƙara har a iya hasashen kwanakin daga hoto. Daga baya aka shigo da ƙirƙirarriyar basira: a nuna wa kwamfuta dubban hotuna, kowane da hukuncin gwani a jikinsa, har ta koyi yanke hukunci da kanta. A Japan kamfanin Dentsu ya fitar da manhajar waya mai suna Tuna Scope, wadda take kallon yankan wutsiyar kifin tuna ta faɗi darajarsa, kamar yadda dillalan kasuwar can suke yi da ido. Gidajen abinci na Kura Sushi sun ɗauke ta a 2020, lokacin da annobar korona ta hana masu saya musu kifi tafiya ƙasashen waje.

Amma duk abin da ke yaudarar ido yana yaudarar wannan kyamara. A 2018 hukumomi a Kuwait suka rufe wani shagon kifi saboda an kama shi yana manna idanun roba a kan idanun kifin da suka faɗa. Kuna dariya, amma akwai wanda ya fi wannan wayo. Idan aka busa wa naman tuna iskar kabon monoksaid, yakan zauna ja wur ko da ya lalace, shi ya sa Tarayyar Turai da Japan suka hana. Ga kuma abin da ba yaudara ba ce, yanayi ne kawai: hoton da aka ɗauka a rana da wanda aka ɗauka a ƙarƙashin ƙwan lantarki ba launi ɗaya za su ba da ba, wayar Tecno da ta Samsung kowace da irin gyaran da take yi wa hoto ba tare da ta tambaye ka ba, ruwan da mai kifi yake yayyafawa kuma yana ƙyalli ya rufe launin fata. Dole a sa kifin a akwati mai fitila tsayayya, ko a ajiye katin launi a gefensa domin kwamfuta ta gyara awonta da shi.

Yanzu mu shiga inda ido ba ya kaiwa. Tun ƙarni na goma sha ɗaya Ibnul Haisam ya kafa hujja a Alƙahira cewa gani yana faruwa ne saboda haske ya tashi daga abu ya shiga ido. Abin da ba a sani ba a lokacin shi ne hasken da ido yake karɓa ɗan yanki ne. A shekarar 1800 William Herschel ya tsefe hasken rana da gilashi mai kusurwa uku, ya samu launukan bakan gizo, ya riƙa ɗora ma'aunin zafi a kan kowane launi. Da ya gota ja, ya kai ma'aunin inda babu komai a gani, sai zafin ya ƙaru. Ashe akwai haske a can. Ana auna tsawon zangon haske da nanomita, wato kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Ido yana gani daga wajen 400 zuwa 700. Daga nan zuwa 2,500 shi ne yankin farko na hasken bayan ja, wanda ake kira infirared na kusa.

Amfanin wannan yanki shi ne kowane sinadari yana da zangon da yake shanyewa. Ruwa yana sha a wajen 970, da 1,450, da 1,940. Kitse yana sha a wajen 930 da 1,210. Jini mai iska yana sha a 540 da 576, wanda ya tsufa kuma yana nuna kansa a wajen 630. In ka haska nama ka tsefe hasken da ya dawo, ka ga inda aka ɗebe, ka san wanda ya ɗeba. Karl Norris na ma'aikatar gona ta Amurka shi ne ya mai da wannan sana'a a shekarun 1960, kuma da hatsi ya fara, yana auna danshinsa ba tare da an gasa shi a tanda ba.

Na'urar tsefe haske ta gargajiya wuri ɗaya take aunawa, daidai inda ka ɗora bakinta. Kyamara kuma tana ganin ko'ina amma launi uku kacal. Da aka haɗa su sai aka samu kyamara mai tsefe haske, wadda kowane ɗigo na hotonta yake ɗauke da lamba ɗari ko ɗari biyu maimakon uku. Asalinta ba ta kifi ba ce, ta kallon ƙasa ce daga sama. Kakanninta su ne taurarin ɗan Adam na Landsat da aka fara harbawa a 1972, waɗanda hotunansu suka nuna wa duniya yadda Tafkin Chadi, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, ya janye ya bar kusan kashi ɗaya cikin goma. A masana'antar kifi an kife ta a kan bel mai tafiya. Tana ɗaukar layi ɗaya siriri, bel ya matsa, ta ɗauki na gaba, har kifin ya wuce, kwamfuta ta zana taswirarsa: ga inda kitse yake, ga inda jini ya kwanta, ga tsutsa a cikin tsoka.

Mutanen Norwe sun yi nisa a nan, kuma ba baƙinmu ba ne, tunda busasshen kifinsu na kod, wanda 'yan'uwanmu na kudu suke kira okporoko, Nijeriya tana cikin manyan masu sayensa. A 2002 masu bincike a birnin Tiromso, a cibiyar da yanzu take cikin Nofima, sun nuna za a iya faɗin kwanakin salar kod da ta salmon a ƙanƙara da kuskuren da bai wuce kwana ɗaya da ɗan abu ba. Wani abin da ya fito a binciken ya fi sakamakon kansa muhimmanci a wurina: a kod, hasken da ido ke gani ne ya fi ba da labari, a salmon kuwa na bayan ja ne. Kifi biyu daga ruwa ɗaya, kowane da ƙofarsa. Aikin cibiyar ya kai ga na'urar kasuwa mai suna Maritech Eye, wadda take gano jini a naman kifi yana wucewa a bel. A Sin kuma, Farfesa Da-Wen Sun, wanda yake aiki tsakanin Dablin da Guangzhou, shi da ɗalibansa sun buga jerin bincike a kan wani kifin kiwo na ruwan daɗi, suna zana taswirar ma'aunin K da ta sinadaran wari a jikin sala guda.

To, ga inda nake so mu zauna. Ku tuna iyakar Turai, miligiram 30 a giram 100. Wannan kashi uku ne cikin dubu goma. Ruwa kuwa ya kai kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na naman kifi, kuma shi ne ya fi kowa shan hasken bayan ja. Na'urar da take auna danshi da kitse da kyau saboda suna da yawa, ba ta jin ɗuriyar abin da yake kashi uku cikin dubu goma a tsakiyar wannan ruwa. Idan ta ba ka lamba ta ce ga yawan sinadarin wari, ba shi ta gani ba. Ta ga launin jini ya sauya, ta ga tsoka ta saki har haske yana warwatsuwa a cikinta daban, ta ga ruwan naman ya fara zubowa, sai ta ce a irin kifin da aka koya mini, waɗannan alamu suna tafiya da lamba kaza. Kamar mai faɗin shekarun mutum ne ta yawan furfura. A cikin dangin da ya sani zai yi ta dacewa, amma ranar da ya haɗu da mai furfurar gado, ko wanda ya shafa baƙin lalle, zai faɗi lambarsa da cikakken ƙarfin hali alhali ya yi nisa da gaskiya.

Yadda ake koya mata shi ne a sayo kifi, a jera a ƙanƙara, kullum a ɗauki wasu a haska, sannan a niƙa su a auna a ɗakin gwaji. Kwamfuta ta nemo lissafin da ya haɗa hasken da awon. Sai a gwada ta da kifin da ba ta gani ba. A nan ne nake da ja da yawancin takardun da ake bugawa. Kifin gwajin sau da yawa daga tafki ɗaya ya fito da na koyarwar, rana ɗaya aka kama su, abinci ɗaya suka ci, firji ɗaya suka kwana. In ka ji an ce na'ura ta dace kashi 98 cikin ɗari, ka tambaya: da kifin wane wata aka gwada ta, kuma daga wane ruwa? Kitsen kifi yana canzawa da lokacin ƙwai. Zafin naman da kansa yana gusar da inda ruwa yake shan haske. Fata da ɓawo suna tare haske, wanda dama bai wuce 'yan milimita yake shiga ba. Ko na'ura biyu na kamfani ɗaya sai an daidaita su kafin lissafin ɗaya ya yi aiki a ɗaya. Ɗalibai, wannan ba dalilin raina fannin ba ne. Aikin da ya rage ke nan, kuma ya fi wanda aka gama yawa.

Mu dawo gida da wannan ido. Tarwaɗa, wadda ita ce ta cika tafkunan kiwonmu, ba ta da ɓawo, fatarta baƙa ce mai yauƙi, idonta ɗan mitsitsi. Manhajar da ta koyi karatu a kan babban idon kifin teku ba ta da abin karantawa a nan. Ban da haka tarwaɗa tana shaƙar iska, shi ya sa ake kawo ta kasuwa da ranta, kuma wadda take watsal-watsal a baho ta riga ta ba da shaidar kanta, ba ta bukatar kyamara. Karfasa da giwan ruwa da bargi su ne wannan aiki zai yi wa rana. Amma su ma ba za a ɗauko musu lissafin Turai ba. Sinadarin da bakteriya suke juyawa ya zama warin nan na kifin teku, kifin ruwan daɗi ba shi da shi sosai, don haka awon sinadaran wari yakan makara kafin ya motsa. Sannan akwai wani alheri da ba mu cika sani ba, wanda littafin Huss da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta buga a 1995 ya tattaro: kifin ƙasashen zafi ya fi na ƙasashen sanyi daɗewa a ƙanƙara, domin bakteriyarsa ba su saba da sanyi ba. Kod yakan ƙare a mako biyu, karfasa tana iya kai uku. Na'urar da ta koyi ƙirga a Tiromso za ta yi wa karfasar Kainji ƙarya, ko ta tsufar da ita ko ta yarantar.

Sai banda, wadda ita ce kifin yawancin mutanenmu, daga Doron Baga da Difa zuwa Tashar Baga a Maiduguri, zuwa Haɗeja, har Onica. Banda ba ta da ido ba ta da kunnen da za a duba. Tambayarta daban ce: ta bushe ko da saura? Wadda aka sauke daga wuta da danshi a ciki, aka cusa a kwali, ita ce take fumfuna a hanya, ita ce ƙwari suke fi so. Kuma a nan ne, a ganina, hasken bayan ja yake da ƙarfinsa na gaskiya, domin danshi shi ne abin da yake gani kai tsaye, ba ta hanyar alama ba. Akwai ƙananan na'urori na hannu da suke haɗuwa da waya, kuma in an gano zango biyar ko shida da suka fi ba da labari, ana iya ƙera mai 'yan fitilu ƙanana da ba ta kai kuɗin babbar kyamarar ba, wadda take cin dubban daloli. Da za a tambaye ni inda za a fara sa kuɗin bincike a arewa, a kan danshin banda zan ce, ba a kan idon kifi ba. Abin da ba za ta gani ba shi ne maganin ƙwari, irin su ota-fiya-fiya da wasu suke yayyafa wa busasshen kifi. Wannan sai ɗakin gwaji, domin abin da zai cutar da mutum bai kai abin da haske zai ji ba. Indiya ta ba da misali mai kyau: da matsalar zuba wa kifi sinadarin fomalin ta yi ƙamari, cibiyar fasahar kifi ta Kochi ta fitar da 'yar takarda a 2018 wadda ake gogawa a jikin kifi, a ɗiga mata ruwan magani, ta canza launi. Ba kowace tambaya ce take son kyamara ba.

Akwai kuma kifin ƙanƙara da ake shigo mana da shi a kwali, sukumbiya da kote da sauransu. Daskarewa tana barin tabo: ƙanƙarar da ta fito a cikin tsoka tana farfasa ta, kuma haske yana gane wannan. Tun 2004 aka nuna a Japan cewa ana iya bambance sabon kifi da wanda aka daskarar aka narkar, kuma da dangin kote aka yi gwajin. Amma namu ciwon ya wuce nan. Mun san an daskarar da shi. Abin da muke so mu sani shi ne sau nawa ya narke ya sake daskarewa tsakanin tashar jirgin ruwa ta Legas da ɗakin sanyi a Kano, in wuta ta ɗauke, in mota ta lalace, in dizal ya yi tsada aka kashe janareta da dare. Sukumbiya tana cikin kifayen da suke tara sinadarin histamin in sun sha zafi. Shi ne yake sa fuska ta yi ja, jiki ya yi ƙaiƙayi, kai ya yi ciwo jim kaɗan bayan cin abinci, mutum ya ɗauka kifi ne bai karɓe shi ba. Suya ba ta kashe shi, dahuwa ba ta kashe shi, kuma kifin yana iya ɗauke da shi alhali yana da kyan gani. Iyakar Turai miligiram 100 ce a kilo, kashi ɗaya cikin dubu goma. Duk wanda ya kawo muku na'urar haske ya ce tana tabbatar da cewa babu histamin, ku nemi ya nuna muku da wane kifi aka gwada ta. A wannan matsala 'yar na'urar rubuta zafi da ake jefawa cikin kwantena, wadda take ajiye tarihin sanyin tafiyar gaba ɗaya, ta fi kyamara amfani nesa ba kusa ba, ga arha. Haka nan ƙanƙara ga masunci: na'ura tana faɗin abin da ya riga ya faru ne, ba ta ƙara wa kifi ko awa ɗaya.

Saura magana ɗaya, kuma ta shugabannin kasuwa ce. Ranar da wannan na'ura za ta iso, ba a hannun masunci za ta fara sauka ba. A hannun babban mai saye za ta sauka, otal ko kanti ko mai fitarwa waje. Zai haska kayanka, allo ya nuna lamba, ya ce kifinka mai daraja ta biyu ne, ya rage kuɗi. Da gwani ne za ka iya buɗe kunnen kifin ka ce duba da kyau. Da allo kuwa, da wa za ka yi musu? Lissafin da ke ciki wani ne ya rubuta shi, da kifin wani ruwa. Sikeli ma gwamnati tana da masu duba shi, balle abin da ba a ganin cikinsa. Saboda haka nake ganin wajibi ne taskar hotuna da awon hasken kifayenmu ta zama ta jama'a, a hannun cibiyoyi irin su Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Sabuwar Busa, wadda ta samo asali daga aikin binciken Tafkin Kainji na 1968, da kwalejojin kifi, da jami'o'inmu, kowa ya iya dubawa ya ƙalubalanta. Aikin ba ya bukatar jiran kyamara mai tsada. Yana bukatar karfasa daga Kainji da Tiga da Haɗeja, ta damina da ta rani, wadda ta ga ƙanƙara da wadda ba ta gani ba, a ɗauki hotonta da safe da azahar da magariba, a auna ta a ɗakin gwaji. Kuma hukuncin gwanin da za a liƙa wa kowane hoto, na Sarkawa da matan da suke yanka kifi ya kamata ya zama, a biya su ladan iliminsu, a rubuta cewa su suka yi.

Don haka, ranku ya daɗe shugabannin kasuwa, in ɗalibanmu suka zo muku da akwati da fitila, ku ba su wuri a gefen rumfa, ku haɗa su da dattawan da suka fi kowa ido. Ku kuma ɗalibai, ku sayi kifin da kuɗinku ko na sashenku, kada ku roƙa, kuma kada ku tsaya a tebur ɗaya.

Shugaban zama, na ga an miƙo mini takarda. Nan zan dakata domin a samu lokacin tambayoyi.